Sunan Mamaci Ba Ya Shiga Kashif

A birnin Napoli na ƙasar Italiya akwai wani kogo da ake kira Fontanelle, wanda asalinsa wurin fasa dutsen gini ne. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1656 ta kwashe kusan rabin mutanensa, maƙabartu suka cika, sai aka riƙa jibge gawawwaki a kogon, ba sutura ba suna. Kwalarar 1837 ta zo ta ƙara nata. Ƙasusuwan suka yi ta zama a warwatse har 1872, lokacin da wani limamin coci mai suna Gaetano Barbati ya sa aka share su aka jera, ƙoƙunan kai a gefe guda, dogayen ƙasusuwa a gefe guda. Mutum wajen 40,000 ne a jere a wurin, kuma ban da ƙalilan, babu wanda aka san ko shi wane ne.

Daga nan matan unguwannin talakawa suka ɓullo da wata al'ada. Mace za ta shiga kogon ta zaɓi ƙoƙon kai ɗaya ta ɗauke shi riƙo, kamar yadda ake ɗaukar maraya. Ta goge masa ƙura, ta shimfiɗa masa ƙyalle, ta kunna kyandir, ta yi masa addu'a. In hali ya samu ta sa a yi masa ɗan akwati na katako ko na marmara. Abin da take jira shi ne mai kan ya zo mata a mafarki ya faɗi sunansa. Ita ma tana da buƙatunta: miji, haihuwa, lafiyar ɗa, wani lokaci har lambar da za ta ci caca. In shiru ya yi yawa sai ta sake shi ta kama wani. Abin ya kai ga ita kanta cocin ya ishe ta, a 1969 Kadinal Corrado Ursi ya hana al'adar aka rufe kogon.

Musulmi ya ji wannan zai nemi tsari, kuma ya yi daidai, don roƙon ƙashi ba ya cikin abin da aka koya mana. Amma tun da yaƙi ya ratsa yankin Jazira na nan Sudan na daina yi wa matan nan kallon masu wauta zalla. Abin da ya hana su barci tambaya ce da yanzu take kwance a gidaje da yawa tsakanin Wad Madani da Sinja: mutum ya mutu, an binne shi, ba wanda ya rubuta ko shi wane ne. Ɗarikun Kirista biyu, Katolika da Mormon, sun ɗauki wannan tambaya da zafi fiye da kowa, kowace da aƙidar da ba tamu ba. Aƙidar tasu ce, su riƙe abarsu. Abin da aƙidar ta tilasta musu yi da alƙalami shi ya kamata mu tsaya mu duba.

'Yan Katolika sun yi imani cewa tsakanin mutuwa da Aljanna akwai wani zango na tsarkakewa, Purgatori, inda ake wanke wanda ya mutu da imani amma da sauran datti a tare da shi, kuma addu'ar masu rai tana rage masa zaman. Akwai labarin da Paparoma Gregori Babba, wanda ya rasu a 604, ya bayar da kansa. Wani mai zuhudu a gidan ibadarsa, Justus, ya ɓoye tsabar zinariya uku alhali ya yi alwashin ba zai mallaki komai ba. Gregori ya hana a kusance shi yana jinya, ya sa aka binne shi a juji tare da kuɗinsa. Daga baya tausayi ya kama shi, ya ba da umarni a yi wa mamacin addu'ar Mas kwana talatin a jere. Ranar cikon talatin, in ji labarin, Justus ya zo wa ɗan'uwansa a mafarki ya ce an sake shi. Har gobe ɗan Katolika yana iya ba da sadaka ga limami ya yi wa uwarsa ko ubansa wannan Mas talatin, ba tsallake rana.

To, addu'a irin wannan sai da suna. Wajen shekara ta 1000 Odilo, shugaban gidan zuhudu na Cluny a Faransa, ya ware 2 ga Nuwamba don tunawa da dukan matattu, ranar da har yau ake cika maƙabartu da kyandir daga Poland zuwa Meziko. Tun kafin shi gidajen zuhudu suna da littattafan sunaye da ake ajiyewa kusa da bagadi. Na tsibirin Reichenau a Jamus, wanda aka fara a ƙarni na 9, yana ɗauke da suna fiye da 38,000. In babba ya rasu a wani gida, sai a tashi manzo da naɗaɗɗiyar fata ya bi gidajen zuhudu ɗaya bayan ɗaya, kowane gida ya rubuta cewa ya yi addu'a, ya ƙara sunayen nasa matattun a ƙasa, a ɗinka sabuwar fata in wuri ya ƙare.

Inda kuɗi ya haɗu da tsoron lahira kuwa, sai an sami masu ciniki. Sayar da takardun sassaucin azaba, wanda Johann Tetzel ya yi suna a kansa, shi ya harzuƙa Martin Luther a 1517 har coci ta tsage biyu. Sai a 1567 Paparoma Pius na Biyar ya soke duk wani sassauci da ake biyan kuɗi a kansa. Amma a cikin gyaran da wannan rikici ya jawo ne aka yi abin da ya fi komai tasiri. Babban taron Trent ya wajabta wa kowane limamin unguwa a 1563 ya riƙe littafin baftisma da na aure, a 1614 aka ƙara littafin mutuwa. Shi ya sa yau jikan manomin wani ƙauye a Italiya ko Sifen yake iya bin kakanninsa shekara 400 baya, mutanen da ba su taɓa riƙe sarauta ba, ba su rubuta ko harafi ɗaya ba.

Mormon sun zo a makare amma sun wuce kowa. Joseph Smith ya kafa ɗarikar a Amurka a 1830. Wansa Alvin ya rasu tun 1823, kafin a kafa ta, kuma abin ya tsaya masa a rai: me zai sami wanda ya mutu bai shiga ba? A Agustan 1840, wajen jana'izar wani mabiyinsa a garin Nauvoo, ya sanar cewa mai rai yana iya karɓar baftisma a madadin mamaci, ya kafa hujja da wata aya guda a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korantiyawa. Bayan 'yan makonni wata mata mai suna Jane Neyman, wadda ɗanta Cyrus ya rasu, ta shiga kogin Misisipi aka nutsar da ita da sunansa. Wata matar ta kutsa cikin ruwan a kan doki don ta ji abin da ake faɗa ta zama shaida. Nan da nan mutane suka yi dafifi a bakin kogi, kowa da jerin matattunsa.

Rububin ya jawo matsala: an yi wa mutane da yawa ba a rubuta ba. A Satumban 1842 Smith ya aika wa mabiyansa wasiƙu yana cewa dole a sami marubuci a wurin, ya gani da idonsa, ya rubuta suna da rana da shaidu, domin a wurinsu abin da ba a rubuta a duniya ba, ba a rubuta shi a sama ba. Wannan umarni ne ya mai da ɗarikar ta zama ma'aikatar tattara sunaye. Yau ana yin baftismar ne a cikin haikalinsu kawai, a wani kwarmin ruwa da aka ɗora bisa gumakan shanu goma sha biyu. Matasa cikin fararen kaya suke shiga, a kira sunan mamaci, a nutsar da yaro, ya ɗago, a kira wani sunan. Suna cewa ba dole aka yi wa mamacin ba, tayi ne aka kai masa, yana iya karɓa ko ya ƙi.

Don samun sunayen suka kafa ƙungiyar bin salsala a yankin Yuta a 1894. Daga 1938 suka fara yawo duniya da kyamara suna ɗaukar hoton rajistar coci, ta kotu, ta ƙidaya, duk inda aka ba su dama. A 1965 suka gama fafe wani dutse kusa da birnin Salt Lake, suka yi rumbu a cikinsa mai ƙofofin ƙarfe, inda suka tara naɗin fim kimanin miliyan 2.4. A 2021 suka gama juye shi duka a kwamfuta, kuma kowa yana iya bincike kyauta a shafinsu na FamilySearch. Akwai garuruwan da wuta ko yaƙi ya cinye takardunsu, kwafen Mormon kaɗai ya rage.

Sai dai mai tara sunan matattun wasu ba ya rasa rigima. A farkon shekarun 1990 Yahudawa suka gano cewa an shigar da sunayen danginsu da 'yan Nazi suka kashe, an yi musu baftisma. Mutanen da aka kashe saboda addininsu, ga shi an bi su har kabari da tayin wani addinin. A 1995 cocin ta amince ta cire suna kimanin 380,000, ta kuma yi alkawarin dainawa. Duk da haka a 2012 aka sake kama wasu mabiya sun yi wa iyayen Simon Wiesenthal, mai farautar 'yan Nazi, har cocin ta fito ta ba da haƙuri. Ita ma fadar Vatican a 2008 ta umarci bishof-bishof kada su bar Mormon su ɗauki hoton littattafan cocinsu. Ga ɗarikun da suka fi kowa kula da sunan mamaci suna ja-in-ja a kan wa ke da iko da shi.

Kada wani ya ɗauka labarin nesa ne. Mormon sun buɗe haikali a Akara a 2004, wani a Aba ta Nijeriya a 2005, kuma shekaru ke nan suna tura ma'aikata ƙauyukan Ghana da Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka, su zauna da tsofaffi su naɗi salsalar gida-gida daga baki. Ba na zargin tsohon da ya zauna ya ba su. Shekara nawa yana riƙe da sunayen nan, cikin jikokinsa ba wanda ya taɓa zuwa da takarda ya tambaye shi.

Mu kuwa, Hausawan Sudan, in akwai al'ummar da matattunta suka warwatsu a hanya, mu ne. Bayan Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, Turawa suka tar da su a Burmi ranar 27 ga Yuli suka kashe shi tare da ɗaruruwan mutane. A ɓangaren Ingila an san babban hafsan da ya mutu, Manjo Marsh, yana cikin littattafai. A namu ɓangaren, bayan Sarki da wasu manya, sauran adadi ne kawai. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake yau kusa da Sinnar. Bayansu ayarin mahajjata bai yanke ba: Kano, Maiduguri, Fort Lami, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, wasu a ƙafa wasu a jaki, ana tafe ana noma ana binne mutane. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa suka tsaya neman guzurin ƙarasawa Makka, tsayuwar da ta zama ta jikoki. Masanin nan Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Wad Madani da ƙauyukanta, ya fitar da littafi a 1995 a kan yadda mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, suke ci gaba da kiran kansu matafiya. Matafiyi ba ya buɗe rajistar maƙabarta, tunda a ransa gobe zai tashi.

Kuma ba rubutu ne ba mu iya ba. Shiga kowace rumfar makoki a Madani kafin yaƙi. An kafa sewan a bakin titi, an jera kujeru, mai shigowa ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, a shafa, ya bi layi yana "ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta". Yara suna zagayawa da shayi da ruwan sanyi. A wani lungu kuwa akwai mutum ɗaya da ba ya tashi, amintaccen gida, da littafin makaranta a cinyarsa da biro. Shi ne mai kashif. Duk wanda ya kawo gudummawa sai ya rubuta sunansa da na ubansa da abin da ya bayar, wane fam kaza, wane buhun sukari rabi, 'yan kasuwar kaza sun haɗa kaza. In an ɗauke zaman makoki a kwana na uku, a ƙirga, a biya mai rumfa, a adana littafin a akwati, don ranar da mutuwa ta faɗa gidan wane a san abin da za a mayar. Littafi ne da ba a wasa da shi. Amma buɗe shi ka duba. Kowa yana ciki ban da wanda aka taru dominsa. Ba cikakken sunansa, ba garin da kakansa ya fito, ba inda aka sa shi a maƙabarta.

In mace ce abin ya fi muni, saboda kunyarmu ta ɓoye suna. Matar da ta shekara saba'in ana kiranta Iya ko Gwaggo ko Hajiya Babba, 'ya'yanta ba sa faɗin sunanta, surukai ba sa faɗa, jikoki ba su taɓa ji ba. Ranar da tsararta ta ƙarshe ta rasu, sunan yanka ya bi ta. Tambayi samari goma sunan kakar babansu ka ga nawa za su amsa.

Alhali addininmu ma yana da ayyukan da mai rai ke yi wa mamaci, kuma su ma suna son suna. Buhari ya ruwaito labarin matar Juhaina da ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da uwarta da ta yi bakancen hajji ta rasu ba ta yi ba, ya ce ta yi mata, ya kwatanta shi da biyan bashi. Malamanmu na Malikiyya ba su sake wa wakilcin hajji fuska sosai ba, amma in mamaci ya bar wasiyya ana zartar da ita daga sulusin dukiyarsa, kuma mai yin hajjin da sunan mamacin yake ɗaura niyya. Ka tuna dubban da suka baro Katsina da Haɗeja da Damagaram da niyyar Makka, ajali ya tare su a gonar auduga. Jikan da Allah ya hore masa yau, in ya so sauke wa kakansa wannan buri, sai ya fara da sanin sunansa. Ga sadakar uku da bakwai da arba'in ga masu yi. Ga rahamatat ta maƙwabtanmu, a Juma'ar ƙarshe ta azumi, inda ake dafa fatta da nama a raba wa yara da miskinai da niyyar ladan ya kai ga matattun gida. Mu da 'yan Katolika mun sha bamban a kan abin da ke faruwa bayan kabari, amma mun yarda cewa mamaci yana da haƙƙi a kan mai rai.

Wani zai ce an hana rubutu a kan kabari da gini a kansa. Haka ne, akwai hadisi, kuma ni ban ce a yi gini ba. Amma Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya gane wurin ya binne danginsa kusa da shi. Littafi kuma a masallaci yake zama, ba a kan kabari ba. Rubuta wafati ma gadonmu ne: Ibn Khallikan ya yi a ƙarni na 13, a nan Sudan Wad Daifallah ya tara tarihin waliyyai da malaman zamanin Funj. Gibin da ke ciki shi ne duk na manya ne. Shehu yana da ƙubba, garin Madani kansa sunan shehinsa yake ɗauke da shi. Wanda ya yi shekara arba'in yana tsinkar auduga a hawashar wani, wato gonarsa ta Jazira, in an yi masa gata, farantin ƙarfe ne da fenti, wanda damina kaɗan ke cinyewa. Abin da littafin limamin Katolika da rumbun Mormon suka yi wanda namu bai yi ba shi ne sun rubuta talaka.

Rashin ya taɓa mu tun kafin yaƙi, a ofishin jinsiyya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Dokar 1994 ta sassauto da ranar zuwa farkon 1956. Ko ta wace, tambayar ɗaya ce: wane ne kakanka, yaushe ya zo, wa zai shaida? Balarabe ya kawo umda, wato dagacinsu, da salsalar ƙabila. Bahaushe da yawa, wanda kakansa ya haƙa magudanan Jazira da hannunsa, sai ya tsaya yana lissafi da baki. A Yulin 2022, da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu kan neman Hausawa a ba su masarautar gargajiya, kalmar da aka yi ta jifansu da ita ita ce baƙi. An kashe fiye da mutum 100 a watan, a Oktoba aka sake kashe wasu da yawa a yankin Wad al-Mahi. Littafin maƙabarta ba zai tare harsashi ba, amma maƙabartar da ke da sunaye da shekaru tun daga 1920 hujja ce da ke da wuyar musantawa.

Sannan babban yaƙi ya zo. Da faɗa ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu 2023, Madani ce ta zama mafakar dubban ɗaruruwan mutane. A Disamban shekarar dakarun RSF, masu faɗa da sojojin gwamnati, suka shigo garin, waɗanda suka gudo suka sake gudu tare da masu masaukinsu. Ranar 5 ga Yuni 2024 aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyen Wad an-Nura, duniya ta ga hoton likkafanai a jere a fili ana shirin sa su a rami ɗaya. Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairu 2025, amma a kwanakin ne aka afka wa kanabi, matsugunan leburorin gona, bisa zargin haɗa kai da RSF. A Kambo Tayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga mutum 26. Tsakanin waɗannan ranaku da aka sani akwai mutuwar da ba ta shiga labarai ba: mai ciwon suga da insulin ya yanke masa, mai wankin ƙoda, mai naƙuda, tsohon da ya faɗi a hanyar Sinnar ko Gadarif aka haƙa masa a gindin bishiya ayari ya wuce. Inda zuwa maƙabarta ya zama kasada an binne mutane a tsakar gida, a filin makaranta, a bakin titi. A Kartum hukuma da ƙungiyar Hilal Ahmar sun shiga tono irin waɗannan kaburbura a 2025 suna mayar da su maƙabartu, kuma wanda ba a san shi ba lamba ake ba shi.

Wannan ba maganar tarihi ba ce kawai, hukunci ne ke rataye. Matar da aka tabbatar mijinta ya rasu za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, ta san matsayinta. Wadda nata ya ɓace, a Risalar da muka karanta a zaure, shekara huɗu za ta jira daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi idda, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Tsakanin waɗannan mata biyu, sau da yawa, bambancin mutum biyu ne da suka ga an binne shi, da wanda ya rubuta abin da suka gani kafin su watse.

Abin da nake ganin ya kamata bai fi ƙarfin kowane masallacin unguwa ba. Littafi ɗaya mai kauri a hannun liman ko na'ibinsa. Sunan mamaci na yanka da na uba da na kaka, da laƙabin da aka san shi da shi, don wani da laƙabin kaɗai za a neme shi. Sunan uwa. Garin asali in an sani. Ranar rasuwa ko abin da ya fi kusa da ita, ko da "bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan" ne. Inda aka binne shi, da kwatance irin namu: gabas da tur'a, wato magudanar ruwa, bayan injin niƙa. Sai shaidu biyu. Wanda aka binne ba a san shi ba shi ma a ba shi layinsa, a rubuta kamanninsa da tufafin da ke jikinsa da abin da aka samu a aljihunsa, saboda wata rana uwa za ta zo tambaya. Takardar shaidar mutuwa ta hukuma tana nan, a neme ta in an samu hali, amma kowa ya san a ƙauye ba a nemanta sai gado ko fansho ya tilasta.

Rigimar Mormon da Yahudawa ta nuna inda za a yi hattara. Jerin sunaye da asalin mutane, a ƙasar da aka tare mutum a shinge aka tambaye shi ƙabilarsa, abu ne da zai iya zama makami. Don haka littafin na jama'ar unguwa ne, ba na jam'iyya ba, ba na wata ƙungiyar waje da ta zo da kyamara da alawus ba, kuma ba abin watsawa a Facebook ba ne. A rubuta matattu, a bar rayayyu. In za a yi kwafe saboda gobara ko wata hijirar, a san a hannun wa yake, kuma dangi su yarda. Wanda duk ya zo neman ɗauka, a tambaye shi me zai yi da shi, tambayar da bishof-bishof da yawa ba su yi ba sai bayan an gama ɗaukar hoton littattafansu.

Wahalar aikin tana wajen shaidu, don sun watse. Waɗanda suka san inda aka sa wane su ne samarin da suka yi haƙa da daddare, da matan da suka yi wanka, da mai amalanken da ya ɗauko gawa. Wasu sun koma Madani, wasu suna Gadarif da Kasala da Bur Sudan, wasu sun tsallaka Masar, wasu sun bi tsohuwar hanyar kakanni a juye sun koma Kano da Maiduguri. Yawancin sanarwar rasuwar shekarun nan a saƙon murya na WhatsApp aka yi ta, kuma tana cikin wayoyin da ake sacewa, suke lalacewa, ake sayarwa a ci abinci. Daga waɗannan wayoyi ya kamata a fara kwashewa, sannan a bi masu haƙa da masu wanka ɗaya bayan ɗaya, a fara da tsofaffin cikinsu.